Ƙananan Sojojin Roba da Zanen Kwamfuta

Da kaka, idan an gama yankan dawa a Tarai da sauran garuruwan Kibiya, yara kan fere kara, su soka ɓawon a jikin totuwa, su haɗa mota ko gida. Wannan sha'awa ta ƙanƙanta babban abu har ya zauna a tafin hannu ta zama babbar sana'a a Ingila. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a 1975, yanzu kuma yake birnin Nottingham, ya fito da wasan Warhammer a 1983. Sojojin wasan na roba ne, tsawonsu kusan milimita 28. Gunduwa-gunduwa ake sayar da su, mai saye ya yanke, ya manna, ya yi fenti, sannan a jera runduna a kan tebur.

Wahalar sana'ar tana wajen zubi. Robar da aka narka ana tura ta ne cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. Duk inda siffar ta lanƙwasa ta koma ciki, kamar ƙarƙashin haɓa ko bayan garkuwa, sai ta maƙale idan an buɗe, matsalar da mai zubin tukunya a kasuwa ya sani sarai. A da, gwani kan sassaƙa sojan da hannu, ya ninka girmansa sau uku, wata na'ura ta bi jikinsa tana rage shi a kan ƙarfe. Shi ya sa tsofaffin sojojin suke fitowa a sandare.

Kwamfuta ta warware wannan ƙulli. Mai zane yana juya siffar a allo, ya ga inda za ta maƙale tun ba a taɓa ƙarfe ba, ya raba ta daidai kan ninkin riga ko gefen sulke, inda mahaɗa za ta ɓuya. Injin sassaƙa ya karɓi zanen kai tsaye. Sai ga doki a sukwane, alkyabba na tashi, gutsattsarin na shiga juna ba gyara.

Amma ribar tana da hasararta. Sojan da aka yanka bisa tsayuwa ɗaya, haka kowa zai haɗa shi, mai haɗawa ba shi da ta cewa. Sauƙin ƙara ado kuma yakan sa a cika siffa da tarkace har ido ya rasa inda zai tsaya. Sanin abin da za a bari ba ya cikin manhaja.

A nan nake ganin rabonmu. Masana'antun Sharaɗa da Bompai suna zuba buta da bokiti da irin wannan dabara ta zubin roba. Rano kuwa, ɗaya daga Hausa Bakwai, tana da abin zanawa: ɗan lifida da kwalkwalinsa, sulke, mashi, kayan doki. Wanda ya tashi yana kallon hawan salla ya fi baƙo sanin yadda lifidi ke zama a ƙirjin doki. Ya kamata makarantunmu na koyon sana'a su haɗa wannan ido da zanen kwamfuta, domin mu siffanta mayaƙanmu da hannunmu.