Wa ke biyan kuɗin saurin kompaila?

A farkon 2025 masu gina Python suka sanar cewa sabon tsarin da suka sa wa Python 3.14 ya ƙara masa sauri da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A watan Maris Nelson Elhage ya bi diddigi, ya gano cewa ma'aunin ne ya karkace: Clang 19, kompailar da aka yi gwajin da ita, ita ce ta rage wa tsohon tsarin gudu. Da aka sake aunawa, ribar ta sauko zuwa kashi 3 zuwa 5.

Dalilin ne ya fi tsaya mini a rai, domin mutanen LLVM, masu gina Clang, ba sakaci suka yi ba. Akwai dabarar da ke kwafar wutsiyar guntun umarni ta liƙa ta a wurare da yawa, don kada furosesa ta yi tsalle biyu inda ɗaya ya isa. A kan wasu shirye-shirye dabarar tana cin lokaci da ma'adana fiye da kima wajen harhaɗawa, sai suka yi mata iyaka. Iyakar ta sauƙaƙa wa waɗancan, amma ta tattara tsalle-tsallen Python masu yawa ta mayar da su ɗaya. Watanni suka wuce kafin a ankara.

Shi ya sa ba na jin daɗin yadda ake tallar sabuwar dabara da lamba ɗaya tak, ta riba. Warware madauki ko cusa ƙaramin aiki cikin mai kiransa yana kumbura shiri, alhali ma'ajin umarni mafi kusa da furosesa sau da yawa bai wuce kilobait 32 ba. Ya cika, saurin ya tafi. Ga kuma mai rubuta shiri da zai zauna jiran harhaɗawa sau da dama kowace rana. Lokacinsa ma dukiya ce, ba a dai cika sa shi a lissafi ba.

Ina tare da masu kompailar GCC kan abin da suka yi a 2022. A GCC 12 sun kunna dabarar sarrafa lambobi da yawa da umarni ɗaya a matakin ingantawa na -O2, amma da sharaɗi mai tsauri: sai inda riba ta kusa tabbata kuma shirin ba zai kumbura sosai ba. Mai son fiye da haka ya nemi -O3 da kansa, ya auna a kan nasa aikin.