Layin Tiyata: Wa'adi Kaɗai Ba Ya Yi Wa Kowa Aiki

Idan ka ji gwamnati ta ce ta gajarta layin masu jiran tiyata, kada ka yi saurin tafa mata. Fara da lissafi. A ce asibiti na da mutum 1,000 a layi, yana yi wa 50 aiki a mako. Wanda ya shiga yau zai jira mako 20. Hanya biyu ce kawai ta rage wannan jira: a ƙara waɗanda ake yi wa aiki, ko a rage waɗanda ke layin.

Ingila ta sa wa'adi: mako 18 daga ranar da likita ya tura ka asibiti zuwa fara magani. A shekarun 2000 jira ya ragu sosai, amma fa a lokacin an zuba wa hukumar lafiya ta NHS kuɗi, kuma shugaban asibitin da ya gaza yana iya rasa kujerarsa. Wa'adin na nan har yau, sai dai tun 2016 ba a cika shi ba. A 2023 jerin masu jiran magani ya haura miliyan 7.5.

Denmark kuwa, tun 2002, ta ba wanda jiransa ya wuce wata 2 damar zuwa asibitin kuɗi, gwamnati ta biya. A 2007 aka mayar da shi wata 1. Dabara ce mai kyau idan akwai ɗakin tiyata da ke zaune ba aiki. Amma in likitan asibitin gwamnati ne zai tsallaka can ya yi aikin, me aka ƙara?

Ita New Zealand maki take bayarwa gwargwadon tsananin ciwo da amfanin da aikin zai yi. Akwai adalci a nan, tunda mafi buƙata ake fara dubawa. Matsalar ita ce, wanda makinsa bai kai ba sai a mayar da shi wurin likitansa na unguwa. Layi ya gajarta a takarda, shi kuwa yana gida da ciwon gwiwarsa.

Don haka, in an kawo maka alƙaluma, yi tambaya uku. Daga yaushe aka fara ƙirga kwanakin? Mutum nawa aka cire ba a yi musu aiki ba? Likitocin tiyata, masu ba da maganin sa barci da gadaje nawa aka ƙara? In ba amsar ta ukun, to mai ciwo bai samu komai ba tukuna.