Kama da Wane Ba Ta Wane: Addinan Asiri, Bagre da Tushen Kiristanci

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun matasa masu son karatu, daga Zangon Tamale har Kano, cewa Kiristanci tsoffin addinan asiri ne na Girka da Masar da Rum aka sauya wa suna. Masu wannan magana suna jero hujjoji: wankan shiga addini, cin abinci mai tsarki a ɓoye, labarin mutuwa da tashi. Maganar tana da daɗin ji, domin tana sa mai faɗinta ya ji ya bankaɗo abin da aka rufe shekara dubu biyu. Sai dai tambaya ce ta tarihi, kuma tarihi yana da ma'auninsa. Abin da Musulmi da Kirista suka yi imani da shi game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana nan a wurinsa. Abin dubawa a nan shi ne ko kamanni tsakanin ibadu biyu ya isa hujjar cewa ɗaya ce ta haifi ɗaya. Mutanen arewacin Ghana sun fi kowa damar amsa wannan, domin irin haɗuwar da ake hasashe a kanta a daular Rum ta faru a ƙasarsu, a idon kakannin da wasunmu suka riska.

Mafi shahara cikin addinan asiri shi ne na Eleusis, wani gari mai nisan kimanin kilomita 20 daga Athens, inda ake bauta wa Demeter, uwar hatsi, da 'yarta Persephone. Mai son shiga yakan yi azumi, ya yi wanka a teku, ya bi jerin gwano a ƙasa har Eleusis, ya sha wani kunun sha'ir, sannan a shigar da shi babban zaure cikin dare ya ga abin da ba a faɗa. Maza da mata har bayi suna shiga, muddin suna jin Girkanci kuma ba su zubar da jini ba. Tona asirin laifi ne da zai iya kai mutum ga kisa, kuma an riƙe shi har ibadar ta mutu a ƙarshen ƙarni na 4. Na biyu shi ne na Isis ta Masar, wanda Apuleius, ɗan Madaura a Aljeriya ta yau, ya kwatanta a ƙarni na 2 da zuwa bakin iyakar mutuwa a komo. Na uku shi ne na Mithras, addinin maza zalla, mafi yawa sojoji da ma'aikatan gwamnati, mai matakai bakwai.

Wanda ya je cocin San Clemente a birnin Rum zai sauka matakala ƙarƙashin ginin, ya tarar da ɗakin masu bautar Mithras: ɗaki ne ƙarami mai rufin kogo, da dakali a hagu da dama inda suke kishingiɗa su ci abinci tare, da dutse a tsakiya mai sassaƙen Mithras yana yanka bijimi. Coci a sama, matsafa a ƙasa. Wanda ya ga haka ba za a zarge shi ba in ya yi zaton na saman daga na ƙasan ya tsiro.

Kiristocin farko ma sun ga kamannin. Justin, wanda aka kashe saboda addininsa a wajajen shekarar 165, ya lura cewa mabiya Mithras suna amfani da gurasa da ƙoƙon ruwa, ya ce shaiɗanu ne suka kwaikwayi Jibin Ubangiji, wato abinci mai tsarki na Kiristoci. Tertullian na Carthage ya yi irin wannan zargi. Ƙarnuka bayan haka masanan Turai suka juya maganar. James Frazer a 1890 ya haɗa gumaka da yawa a rukunin masu mutuwa su tashi, Richard Reitzenstein kuma a 1910 ya ce Bulus, ɗaya daga cikin masu wa'azin Kiristanci na farko, ya ɗebo tunaninsa daga addinan asiri. Daga waɗannan littattafai ne maganar ta gangaro har ta iso majalisunmu, bayan masana da yawa sun riga sun sake auna ta. Walter Burkert a 1987 da Jonathan Z. Smith a 1990 sun nuna inda ginin yake da rauni.

Raunin farko na lokaci ne. Wasiƙun Bulus, waɗanda suka ambaci baftisma da Jibin Ubangiji, an rubuta su a wajajen shekarun 50, alhali alamun bautar Mithras a daular Rum ba su bayyana ba sai ƙarshen ƙarni na 1. Na biyu shi ne abin da ake jingina wa gumakan. Sassaƙen da aka tono suna nuna Mithras yana fitowa daga dutse, babu budurwar da ta haife shi, babu gicciye. Osiris kuwa, mijin Isis, bayan ta tattara gaɓoɓinsa, sarautar matattu ya yi a lahira. Na uku shi ne hali: Barume yana iya shiga asirin Eleusis da na Isis da na Mithras duka, ya kuma yi wa sarki yanka, babu mai tsangwamarsa. Kiristoci sun ƙi haɗa bautarsu da kowace, kuma a kan wannan ƙiyawar aka riƙa kashe su. Wannan hali gadon Yahudawa ne, kamar yadda wankan tsarki da Idin Ƙetarewa da imani da tashin matattu suke gadon Yahudawa. Takardun da aka fara ganowa a kogunan Qumran a 1947 sun nuna wata jama'ar Yahudawa mai wankan tsarki da cin abinci tare tun kafin Bulus. Tushen a fili yake, ba a ɓoye ba.

Duk da haka akwai aron da ya tabbata. Bayan 313, da aka daina tsananta wa Kiristoci, jama'a suka riƙa tururuwa zuwa coci, sai shugabanni suka ƙara tsare ƙofa. Ana sallamar masu koyo kafin a fara Jibi, ana yin baftisma cikin daren Ista, a sa wa sababbin shiga fararen tufafi, sannan a bayyana musu ma'anar abin da aka yi musu, kamar yadda darussan da ake jingina wa Cyril na Urushalima suke nunawa. Masu wa'azin lokacin sun yi magana da harshen da masu sauraronsu suka saba ji a Eleusis. Ruwan da ya taso daga tudu yakan ɗauki launin ƙasar da ya ratsa, amma mafarinsa yana can inda yake.

A arewa maso yammacin Ghana, wajen Lawra da Nandom da Birifu, ƙabilar Dagara suna da ƙungiyar asiri mai suna Bagre. Masanin nan na Ingila Jack Goody ya rubuta karatunta a farkon shekarun 1950, ya buga shi a 1972, layi kusan dubu goma sha biyu, kashi biyu: Farin Bagre da Baƙin Bagre. Mai shiga yakan shafe watanni ana hana shi wasu abinci, irin su 'ya'yan kaɗanya da wake da sabuwar dawa, kowane sai an yi bikinsa a sake masa shi. Ana zana masa farar ƙasa a jiki. A ƙarshe a tara sababbin shiga cikin ɗaki, dattawa suna kaɗa caki suna karatu, a ba su magani, a kwantar da su a matsayin matattu, sannan a tashe su. Baƙin Bagre kuwa yana ba da labarin yadda mutum ya koyi noma da narkar da ƙarfe da dafa giya daga halittun daji, da yadda gizo-gizo ya taimaka masa ya hau sama wurin Naangmin, Ubangiji.

Ga hani, ga farin jiki, ga ɗakin asiri, ga mutuwa da tashi. Babu wanda zai ce dattawan Birifu sun aro daga Athens, ko Athens ta aro daga gare su. Haka girkar 'yan bori a ƙasar Hausa take da keɓewa da magani da fitowa da sabon matsayi. Duk inda ɗan Adam ya so ya nuna cewa wani ya bar wata rayuwa ya shiga wata, kayan aikinsa kaɗan ne: ruwa, duhu, yunwa, tufafi, abinci, sai kwanciya da tashi. Saboda haka kamanni shi kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka. Sai an nuna wa ya haɗu da wa, a ina, a wace shekara.

Bagre ya koyar da wani darasin kuma. Da Goody da abokin aikinsa S. W. D. K. Gandah suka koma da rekoda suka ɗauki karatun a bakin wasu dattawan, sai suka tarar ya sauya ƙwarai. Wani sashe ya faɗi, wani ya shigo, har matsayin Ubangiji a labarin ya bambanta daga wannan baki zuwa wancan. Idan asirin da masu shi suke raye ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ina ga na Mithras, wanda bai bar littafi ba sai sassaƙe da 'yan rubuce-rubuce a bango? Mai cewa ya san ainihin aƙidarsu har ya gano ta cikin Linjila ya faɗi fiye da abin da shaida ta ba shi.

Sannan ga haɗuwar Kiristanci da addinin gargajiya ita kanta. Limaman Katolika na ƙungiyar da Kadinal Lavigerie ya kafa a Aljeriya sun sauka Navrongo a 1906, suka buɗe Jirapa a 1929. A 1932 aka yi fari, mutanen ƙauyuka suka zo neman addu'ar ruwa, ruwa ya sauka, dubbai suka nemi shiga addinin. Tsarin Lavigerie, wanda ya ɗauko daga cocin farko, shi ne mai koyo ya yi shekara huɗu kafin baftisma, mataki bayan mataki. Ga mutumin da ya san Bagre, jira da hani da bayyana ilimi kaɗan-kaɗan ba baƙon abu ba ne, kuma sunan Naangmin ne ya ci gaba da kira a coci. Amma sharaɗin shiga shi ne ya bar yanka a matsafa, abin da ya raba gidaje ya haɗa 'ya'ya da iyaye faɗa. Abin da ya zo daga waje sananne ne, da shekararsa da sunayen waɗanda suka kawo shi. Abin da ƙasa ta ba shi ma sananne ne.

Rayuwar Peter Porekuu Dery ta tattara wannan duka. An haife shi a 1918 a yankin Nandom, a gidan da ake bautar gargajiya, yana yaro yana taya manya hidimarta. Ya zama limamin coci a 1951, bishop na Wa a 1960, ya dawo Tamale a 1974, ya zama babban bishop ɗinta na farko a 1977, Kadinal a 2006, ya rasu a Tamale a 2008. Shi ne ya tsaya a shigar da harshen Dagaare da gyil, abin kiɗan nan na itace da ake jera wa ƙorai a ƙarƙashi, cikin ibadar coci. Wanda ya zo bayan shekara dubu ya tono gyil a kangon coci yana iya cewa ya gano ɓoyayyen tushen Kiristanci, alhali Dery a fili ya yi aikinsa, da izinin Rum, da sanin abin da ya ɗauka da abin da ya bari.

Musulmin Tamale ma suna da nasu misalin. Daren Bugum, a watan da ya yi daidai da Muharram, bayan isha'i gari yakan cika da tociyoyin ciyawa, matasa sun shafa toka da gawayi, ganguna suna tashi, a nufi bayan gari a jefa wutar a kan bishiya. Wasu dattawa sukan ce ɗan sarki ne ya ɓace aka neme shi da wuta, wasu malamai su ce saukar jirgin Annabi Nuhu ake tunawa. Sallar Damba kuwa a watan Mauludi take, amma dawakai da makaɗan luŋa da rawar sarakunan Dagbon ne suka cika ta. Musulunci ya kafu a fadar Dagbon a zamanin Naa Zangina, wajajen 1700, kuma ba mai hankalin da zai ce daga wutar Bugum ya fito. Ma'aunin da muka yarda da shi a kanmu, adalci ne mu auna maƙwabta da shi.

Wannan bincike yana da gado a cikin Hausawan Ghana. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, ya rubuta da ajami yadda mutanen zamaninsa suke rayuwa, da sana'o'insu da al'adunsu, yana malamin Musulunci bai ga hakan ya rage masa komai ba. Tamale tana da jami'ar UDS tun 1992, tana da makarantar horar da limaman Katolika ta St. Victor, tana da zaurukan malamai a kowace unguwa. Dattawan da suka san Bagre, da tindana masu kula da ƙasa, da waɗanda iyayensu suka shaida 1932, suna raguwa kowace shekara. Ɗalibin da ya zauna da su cikin ladabi, ya rubuta abin da suka yarda a rubuta, ya bar musu abin da suka rantse a kansa, zai fahimci yadda addinai suke haɗuwa fiye da wanda ya haddace jerin kamanni, kuma zai bar wa na baya shaidar da za su iya aunawa.