Hoton Kabari: Na Wa Ne, Wa Kuma Za A Nuna Wa?

A kudu da Kigali, babban birnin Ruwanda, akwai wani gari mai suna Nyamata. A can akwai majami'ar da ba a yin sujada a cikinta yanzu. Tufafin matattu suna jibge a kan bencina, mayafin bagade yana nan da tabon jini, rufin kwano kuwa duk hujin harsashi ne. A watan Afrilu na 1994 dubban 'yan ƙabilar Tutsi suka gudu zuwa wurin, suna zaton ba mai zub da jini a ɗakin Allah. Aka bi su aka karkashe. Haka aka yi a majami'ar Ntarama, kusa da nan, inda aka hallaka wajen mutum 5,000 ranar 15 ga Afrilu. Cikin kwana 100 aka kashe mutum 800,000 ko fiye a ƙasar.

Yau baƙi suna zuwa waɗannan wurare, kusan kowa da wayar da ke ɗaukar hoto a aljihunsa. Sai tambaya ta taso: daidai ne mutum ya ɗauki hoton irin wannan wuri ya rarraba wa jama'a? Masu sana'ar hoto biyu sun riga sun amsa da aikinsu, amsarsu kuwa ba ɗaya ba ce. Ya kamata a auna su.

Na fari shi ne Gilles Peress, mutumin Faransa. A 1995 ya fitar da littafi mai suna The Silence, wato Shiru. Hotuna ne baƙi da fari, kusan ba rubutu: gawawwaki a ƙasa, adduna, 'yan gudun hijira. Hujjar irin wannan aiki tana da ƙarfi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duniya ta ji labari a 1994, ta kau da kai. Har yanzu kuma akwai masu musun cewa an yi kisan ƙare dangi, ko masu rage yawan matattu. Hoto yana toshe bakin mai musu. Saboda wannan dalili ne aka bar ɗaruruwan gawawwaki a azuzuwan makarantar Murambi, aka zuba musu farar ƙasa don kada su ruɓe.

Amma littafin yana da rauni, raunin kuwa yana cikin sunansa. Mai duba shi yana ganin tarin jikuna, bai san wane ne malami ba, wace ce amarya, wane yaro ne ɗan fari. Gidan rediyon da ya zuga kisan ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai, domin a daina ganinsu mutane. Hoton da ya nuna su tuli guda, ba suna ba dangi, yana iya ƙarasa wannan mugun aiki ba da niyya ba. Ido kuma yana sabawa. Wanda ya razana a shafi na fari, kafin ya kai tsakiya ya soma juya takarda da sauri.

Na biyu shi ne Alfredo Jaar, mutumin ƙasar Cile. Ya je Ruwanda a watan Agusta na 1994, ya ɗauki dubban hotuna. Da ya koma sai ya ƙi nuna su. A 1995 ya sa hotunan cikin baƙaƙen akwatuna, ya rubuta a bisa kowane murfi abin da ke ciki, ya jera akwatunan kamar kaburbura. Mai kallo yana karanta labarin, ba ya ganin hoton. Daga baya ya yi wani aiki a kan wata mace wadda aka kashe mijinta da 'ya'yanta maza biyu a gabanta a Ntarama. Bai nuna gawawwakin ba. Idanunta kaɗai ya nuna.

Wannan aiki yana tuna wa mai karatu da 'ya'yan Nuhu biyu, waɗanda suka ɗauki mayafi suka yi tafiya da baya domin su rufe tsiraicin mahaifinsu. Ba su yi musun abin da ya faru ba, amma ba su maishe shi abin kallo ba. Duk da haka Jaar ma yana da nasa rauni. Akwatunan suna amfani ga wanda ya riga ya gaskata, wanda kuma ya iya karatu, yana da halin shiga ɗakin nune-nune a Amurka ko Turai. Mai taurin kai zai ce a buɗe akwatin ya gani.

Hanyar da ta fi duka biyun, mutanen Ruwanda ne suka same ta. A wurin tunawa na Gisozi a Kigali, wanda aka buɗe a 2004, an binne fiye da mutum 250,000. A ciki akwai ɗakin da aka rataye hotunan da dangi suka kawo: na biki, na makaranta, na katin shaida. Akwai kuma ɗakin yara. A ƙarƙashin hoton kowane yaro an rubuta sunansa, da shekarunsa, da abincin da ya fi so, sa'an nan yadda aka kashe shi. Ba jini a hoton, amma da wuya mutum ya fita da busassun idanu. Abin lura shi ne, masu makoki ne suka zaɓi hoton, su ne suka ba da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan amsar tambayar ta fito. Rarraba hoton wurin tunawa ba laifi ba ne, wani lokaci ma wajibi ne. A 2023 hukumar UNESCO ta sa Nyamata, da Murambi, da Gisozi, da Bisesero cikin wuraren tarihi na duniya, domin a san su. Amma akwai sharaɗi. A ɗauki bangon sunaye, da ƙofar majami'a, da furanni a kan kabari. Inda masu tsaron wurin suka hana ɗauka, a mai da waya aljihu. Ƙasusuwa da ƙoƙon kai na wani ne, watakila mahaifiyar mutumin da yake zagayawa da baƙi. Kada mai ziyara ya sa fuskarsa a gaba yana murmushi, kabari a bayansa, gama wanda ya je ta'aziyya ba ya neman a yaba rigarsa. Kada kuma hoto ya fita shi kaɗai. A haɗa shi da sunan wurin, da shekarar, da waɗanda aka kashe, da dalilin kashe su.

Ga masu bi akwai ƙarin nauyi. Wanda ya nuna hoton Nyamata ya ce an kashe Kirista a majami'a, ya tsaya nan, ya faɗi rabin gaskiya ne. Yawancin makasan ma masu baftisma ne. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami wani fada, Athanase Seromba, da laifi a 2006, domin a majami'arsa ta Nyange aka rushe gini a kan waɗanda suka fake a ciki. A 2017 Paparoma Faransis ya roƙi gafarar Allah saboda zunuban ikkilisiya da na 'ya'yanta a wannan kisa. Hoton da ya ɓoye wannan ya zama ado, ba shaida ba.

Saboda haka, kafin mutum ya aika da irin wannan hoto, bari ya tambayi kansa: da uwar wanda ke kwance a kabarin tana tsaye a gefensa tana karanta abin da ya rubuta, zai iya duban idonta? In zai iya, ya aika. In ba zai iya ba, ya ajiye hoton, ya ba da labarin da bakinsa.