Saitin da Manhaja ke Zuwa da Shi

Mai rubuta manhaja da Spring Boot, tsarin da ya fito a 2014, yakan buɗe ƙaramin fayil mai suna application.properties ya zuba saitinsa: ta wace ƙofa manhajar za ta karɓi masu shigowa, ina rumbun bayanai yake. Idan ya gama sai a naɗe fayil ɗin tare da sauran kayan a ƙunshi ɗaya da ake kira JAR. Wanda ya karɓa zai kunna nan take ba tare da ya taɓa komai ba. Ko ƙofar ba a ambata ba, manhajar za ta ɗauki 8080.

Hikimar al'adar tana cikin sanin wa ke gaba da wa. Saitin cikin ƙunshi shi ne na ƙasa. In mai kula da saba ya ajiye fayil mai irin sunan a gefen JAR ɗin, nasa ne zai ci. Abin da ya rubuta a layin umarni kuwa, kamar --server.port=9090, ya danne duka biyun. Haka tsarin systemd ke yi a Linux: saitin masu manhaja yana /usr/lib, na mai kwamfuta yana /etc, kuma na /etc ake bi. Saboda haka sabuntawa ba ta share gyaran da mutum ya sha wahalar yi.

Ɓarnar tana farawa ne ranar da gaggawa ta sa aka cusa kalmar sirri a wannan fayil. JAR ba komai ba ne illa ZIP; duk wanda ya samu zai buɗe ya karanta. Shi ya sa Adam Wiggins na kamfanin Heroku, a ƙa'idoji 12 da ya fitar a 2011, ya ce a raba irin wannan saiti da manhajar gaba ɗaya. Na yarda da shi a kan sirri. Amma ban ga dalilin tura manhaja tsirara ba, har sai an cika mata abu ashirin kafin ta tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin mutane ba sa canza abin da suka tarar. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin intanet da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu suka saka, kamar mai sayar da kwado wanda mabuɗi ɗaya ke buɗe duk kwadunansa. A farkon 2017 aka wawashe dubban rumbunan bayanai na MongoDB da aka bari a buɗe, ana neman fansa. Daga fitowa ta 3.6, sai MongoDB ta koma sauraron kwamfutar da take kai kaɗai, sai in mai ita ya buɗe da hannunsa.

Laifin nan na mai naɗe ƙunshin ne kafin ya zama na mai amfani. Birtaniya ta haramta sayar da irin na'urorin da Mirai ta kame da kalmar sirri ta bai-ɗaya tun Afrilun 2024.