Adon Harshe a Ajin Ƙaramar Sakandare: Gadon Gobir da Allon Malami

A yawancin ajujuwan ƙaramar sakandare, darasin adon harshe kan fara ne da ma'ana. Malami ya rubuta kamantawa da siffantawa da jinsintarwa a allo, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar. Wannan hanya asara ce a ko'ina, amma a Isa da Sabon Birni asarar ta fi yawa, domin ƙasa ce da aka daɗe ana ƙera magana a cikinta.

Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙasar Sabon Birni. Sunan shahararren sarkinsa, Bawa Jan Gwarzo, kirari ne da kansa. A fadar Isa kuwa Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso, ya bar waƙoƙi irin su Bakandamiya da Dokin Iska, waɗanda Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya tattara ya yi wa sharhi a littafinsa Narambaɗa. Yaron da ya tashi a nan ya sha jin muryar nan a rediyo da wayar dattawa kafin ya san harafi.

Kalmomin da ake koyarwa a aji kuwa daga jami'a suka gangaro, musamman ta ayyukan Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau da Abdullahi Bayero Yahya, mai littafin Salo Asirin Waƙa. Masanan sun samo su ne bayan sun saurari makaɗa da marubuta waƙoƙi. Wato sauraro ya riga sanya suna. Aji ne ya juya tsarin.

Malamin da ya gane haka yakan fara da bakin yara. Ya rubuta "Sarki kamar zaki yake", ya nemi a ba shi kalmar da za ta maye gurbin "kamar". Wani ya ce "tamkar", wata ta ce "awa", yadda ake faɗi a gida. Sai ya canza jimlar: "Sarki ya fi zaki kwarjini", sannan "Zaki bai kai sarki ba". Cikin 'yan mintoci yara sun ga kamancen daidaito da na fifiko da na kasawa. Daga nan ya share kalmar kamancen gaba ɗaya, allo ya rage da "Sarki zaki ne". Ya tambaye su wace jimla ce ta fi nauyi, kuma me ya sa maroƙi zai zaɓi ta ƙarshe a gaban sarki. Sai gardama ta yi zafi sannan ya ce musu sunanta siffantawa.

Haka abin yake da jinsintarwa. Ɗan manomin bakin gulbin Rima ya san ana cewa gulbi ya ci gona, ko yunwa ta kori gari. Ya riga ya iya mutuntarwa, wato wani reshe na jinsintarwa, suna kawai ya rage masa. Wanda ke zuwa makarantar ilimi, inda ake karanta balaga, zai haɗu da tashbihi da isti'ara da kinaya, ya tarar ba baƙin abubuwa ba ne.

Karin harshe na buƙatar kulawa. Bagobirin yaro "hwarin jini" yake cewa, littafi kuma "farin jini" ya rubuta. Dole ya iya daidaitacciyar Hausa saboda jarrabawa, amma idan aka ja masa jan biro a kan kowace kalmar gidansu, zai daina kawo misali. Haka kuma Narambaɗa ba ya fahimtuwa sai da wannan karin.

Zambo da habaici sun fi komai jan hankalin 'yan shekara 12 zuwa 15, kuma nan haɗarin yake. Zambo muzanta mutum ne ta siffarsa ko halinsa, habaici kuwa jifa ne ba tare da kama suna ba. Malami mai lura yakan sa a yi wa rowa ko ƙyuya zambo, ya hana a taɓa ɗan aji.

Akwai kuma sakaya magana da zamani ya kawo. Rashin tsaro ya tilasta wa dubban mutanen yankin gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, ya kuma katse karatun yara da yawa. A irin wannan hali ne ake jin manya na cewa "mutanen daji" maimakon kiran 'yan bindiga kai tsaye. Ɗalibin da ya gane dalilin wannan lulluɓi ya fahimci cewa adon harshe kan zama garkuwa.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, shirin da a yau ya haɗa firamare da ƙaramar sakandare a shekara tara. Manhaja ta ba Hausa gurbi a wannan mataki. Abin da malamin Isa ko Sabon Birni ke buƙata bai wuce waya mai ɗauke da waƙa ɗaya ba, da aikin gida da zai tura kowane ɗalibi wurin kakarsa ya dawo da kirari ko habaici guda uku, a zauna a tantance su a aji.