Wa ke mugu cikin Les Misérables?

Ranar da muka tattauna littafin Les Misérables na Victor Hugo a zamanmu na ƙarshen mako, wani ɗan uwa ya ce shi bai ga abin gardama ba: Jean Valjean nagari ne, Javert mugu ne, shi ke nan. Da yawa suka gyaɗa kai. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na karanta gajeren bugun da ake ba mu a kwaleji. Sai da na samu cikakken littafin, mai shafi sama da dubu, na gane ashe mun ɗora wa Javert laifin da ba nashi ba.

Littafin ya fito a 1862, Hugo na gudun hijira a tsibirin Guernesey. Gaskiya ne akwai farin mutum da baƙin mutum a ciki, kamar ɗiyar bora da ɗiyar mowa a tatsuniya. Farin shi ne Myriel, babban limamin Kirista na garin Digne. Baƙin kuwa Thénardier ne, mai masaukin baƙi a Montfermeil. A 1815 Valjean ya fito daga kaso bayan shekara 19: biyar saboda satar burodi, sauran saboda ƙoƙarin gudu har sau huɗu. Kowace ƙofa aka rufe mishi, sai Myriel ya ba shi abinci da makwanci. Cikin dare ya kwashe cokulan azurfar gidan ya tsere. Da jandarmomi suka maido shi, tsohon ya ce ai kyauta ya ba shi, ya ƙara mishi da mariƙan kyandir biyu na azurfa. Thénardier kuwa gawawwaki yake lalube a filin yaƙin Waterloo, ya mai da ƙaramar Cosette baiwa yana tatsar uwarta kuɗi, a ƙarshe ya tafi Amurka ya shiga cinikin bayi.

To amma ku lura, waɗannan biyun ba su canzawa. Yadda ka gan su da farko haka za ka bar su. Turaku ne Hugo ya kafa, ɗaya gabas ɗaya yamma, don mu auna tafiyar waɗanda ke tsakani. Labarin kanshi yana wurin masu motsi, wato Valjean da Javert.

Mu ɗauki Javert. A kaso aka haife shi, ubanshi ɗan sarƙa ne. Ya taso ya riƙe doka kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Bai taɓa cin hanci ba, bai yin ƙarya. Lokacin da ya zaci ya yi kuskuren zargin magajin garin Montreuil-sur-Mer, Madeleine, da cewa shi ne Valjean, da ƙafarshi ya je ya roƙi a kore shi daga aiki. Wane mugu ne zai yi haka? Ciwon Javert shi ne bai yarda mutum na iya gyaruwa ba. A wurinshi ɓarawo ɓarawo ne har kabari. Shi ya sa ya yanke wa Fantine wata shida ba tare da ya kula da wanda ya fara zuba mata ƙanƙara a baya ba.

Abin da na fi so ku gani shi ne mutanen nan biyu kyauta iri ɗaya aka yi musu. Myriel ya saki Valjean a lokacin da ya cancanci komawa kaso. A tawayen Paris na Yunin 1832, ƴan tawaye suka kama Javert suka ɗaure, aka miƙa wa Valjean shi ya kashe, sai ya yanke igiyar ya yi harbi sama. Valjean ya karɓi rahamar da bai cancanta ba, ta dame shi, har ya ƙwace kuɗin yaro Petit-Gervais kafin ya fashe da kuka, amma ya rayu da ita. Javert ya karɓi irinta, ya saki Valjean shi ma, sannan ya rasa inda zai ajiye ta cikin lissafinshi, ya faɗa kogin Seine. A nan bambancinsu yake, ba a fari da baƙi ba.

Sai maganar sadaukarwa. Yawancinmu in aka ce Valjean sai mu tuna yadda ya goyi Marius, raunana, cikin magudanan ƙazanta na ƙarƙashin Paris. Jarumta ce, ba musu. Amma ni a ganina sadaukarwar da ta fi nauyi ta faru ne a ɗaki, ba mai kallo. A 1823 aka kama wani tsoho, Champmathieu, da zargin satar tuffa, aka ce shi ne Valjean. Za a ɗaure shi rai da rai. Valjean na ainihi yana zaune da sabon suna, magajin gari, mai masana'anta, kowa na girmama shi. Abin da ake buƙata gare shi kawai ya yi shiru. Hugo ya ba wannan dare babi guda, mutum yana kai da komo yana shari'a da kanshi. Kuma hujjojin yin shiru ba na banza ba ne: in ya tafi, wa zai riƙe ma'aikata, wa zai ɗauko wa Fantine ɗiyarta? Ya tafi kotun Arras ya faɗi sunanshi. Kafin ya fito gashin kanshi ya yi fari.

Wurin da nake jinjina wa Hugo shi ne bai ɓoye kuɗin wannan gaskiyar ba. Masana'anta ta rufe, garin ya koma talauci, Fantine ta mutu ba ta ga Cosette ba. An ceci tsoho ɗaya, mutane da yawa sun biya. Littafin bai ce Valjean ya yi kuskure ba, amma ya bar mu da nauyin a ƙirji.

Ina da ƙorafi biyu. Na farko, sadaukarwar mata a littafin jiki take ci, kuma ba ta da lada. Fantine ta sayar da gashinta, ta sayar da haƙoranta biyu na gaba, daga baya ta sayar da mutuncinta, duk don kuɗin da Thénardier ke ƙirƙira da ƙarya. Éponine ta tare harsashin da aka auna Marius da shi. Dukansu mutuwa suka yi don labarin wasu ya ci gaba. Na biyu, sadaukarwar Valjean ta ƙarshe. Bayan auren Cosette ya faɗa wa Marius ko shi wane ne, ya janye jiki a hankali, ya kwanta ciwo shi kaɗai. Wa ya tambayi Cosette ko tana son a raba ta da wanda ya rene ta? Babu. An yanke mata hukunci kamar ƴar tsana. Wani lokaci sadaukarwa tana zuwa da ɗan girman kai a ciki, na wanda ya ga shi kaɗai ya san abin da ya dace da kowa. Abin dariya kuma, Thénardier ne, da ya zo neman kuɗi, ya tona wa Marius wanda ya cece shi.

Na kawo duk wannan ne saboda rubutunmu. Cikin labaran da muke karanta wa juna, kishiya muguwa ce tun shafin farko, marainiya kuma ba ta taɓa ko harara ba. Ba laifi ba ne a kafa turaku, Hugo ma ya kafa. Laifin shi ne mu tsaya a nan. Mu gwada rubuta mutum mai gaskiya da ke cutar da mutane da gaskiyarshi, da nagarin da alherinshi ke jawo wa wani asara. Wanda bai karanta babin daren Arras ba ya nema ya karanta kafin zama mai zuwa, sai mu ci gaba da gardamar.